Tambaya da Amsa: Ina asalin ilimin nazarin al'adun ɗan'adam, kuma me ya haɗa shi da gidajen tarihi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni ɗaliba ce 'yar aji ɗaya a jami'a, muna ɗaukar darasin anturofoloji, wato nazarin ɗan'adam da al'adunsa. Wani malaminmu ya ce mana wannan ilimi ɗan mulkin mallaka ne, wai a gidajen adana kayan tarihi na Turai aka haife shi. Shin haka ne? Sannan yaya aka yi kayan kakanninmu suka cika gidajen tarihinsu? Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗiyata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Malaminku bai faɗi ƙarya ba, gajarce miki labarin kawai ya yi.

Sha'awar sanin yadda wasu mutane ke rayuwa ta girmi mulkin mallaka nesa ba kusa ba. Al-Biruni ya koyi Sanskirit, harshen malaman Indiya, sannan wajen shekarar 1030 ya rubuta littafi a kan addininsu da lissafinsu da ɗabi'unsu, yana mai cewa zai kawo maganarsu ne yadda take, ba jayayya ya zo yi ba. Ibn Battuta ya shiga daular Mali a 1352, ya biyo ta Takedda da ke ƙasar Nijar ta yau, ya bar mana bayanin abin da ya gani. Ibn Khaldun kuma a 1377 ya zauna ya yi nazarin abin da ke ɗaure al'umma da abin da ke wargaza ta. Sai dai waɗannan ɗaiɗaikun malamai ne. Mayar da abin ya zama sana'a, da kujera a jami'a da albashi da ɗalibai, wannan a Turai da Amurka aka yi shi a ƙarni na 19, kuma a cikin ɗakunan ajiyar kaya ya yi rarrafe.

Tun ƙarni na 16 sarakuna da attajiran Turai ke da al'adar ware ɗaki guda su tara abubuwan al'ajabi da jiragen ruwa ke kawowa: busasshen kada a rataye a rufi, ƙahonin dabbobi, duwatsu, kibau, rigunan gashin tsuntsu, duk a cakuɗe ba tsari. Daga irin wannan tarkace ne gidan tarihin Ashmolean ya buɗe a Oxford a 1683. Shi ma babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan an kafa shi ne a 1753 da kayan wani likita, Hans Sloane, kimanin 71,000, wanda wani ɓangare na dukiyarsa daga gonakin rake na Jamaika ya fito, inda bayi ke noma.

A cikin kayan Sloane akwai wata ganga da nake son ki riƙe. An samo ta ne a Virginia ta Amurka, aka rubuta a rajista cewa ta 'yan asalin Amurka ce. Shekara fiye da ɗari da hamsin tana ɗauke da wannan suna, sai a farkon ƙarni na 20 aka gane cewa sassaƙar Akan ce, mutanen Ghana ta yau. Icen na Afirka ta Yamma ne, fatar da ke bakinta kuwa ana jin ta barewar Amurka ce, kuma ana kyautata zaton jirgin bayi ne ya tsallaka da ita. Kayan suna isa Turai, amma labarinsu yakan faɗi a hanya, sai wanda ya riƙe alƙalami ya ba su nasa.

Da kaya suka yi yawa, sai aka fara gina musu gidaje na musamman: Leiden a Holan a 1837, Balin a Jamus a 1873 ƙarƙashin Adolf Bastian, Faris a Faransa a 1878. Wanda ya fi nuna miki alaƙar da kike tambaya shi ne na Oxford. Janar Pitt Rivers soja ne da aka sa aikin gwajin bindigogi, daga nan ya kamu da son sanin yadda makami ke sauyawa daga sanda zuwa mashi zuwa bindiga. Ya tara kaya kusan 20,000, a 1884 ya ba jami'ar kyauta, da sharaɗin a gina musu gida kuma a naɗa wanda zai riƙa koyarwa a kansu. Edward Tylor aka naɗa. Ke nan kujerar koyar da anturofoloji ta farko a Ingila, a bayan akwatunan kaya ta shigo jami'a.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Pitt Rivers bai jera kayansa ƙasa-ƙasa ba, iri-iri ya jera su: duk wani mashi na duniya a wuri guda, ganguna a wuri guda, daga wanda ya ga ya fi sauƙin ƙira zuwa wanda ya fi wuya. Wannan jeri magana ce yake yi ba da baki ba. Yana cewa 'yan'adam duka a kan tsani ɗaya suke, Bature a can ƙoli, sauran kuma sun tsaya a matakan da shi ya wuce tuntuni. Lewis Henry Morgan na Amurka ya fito da shi fili a 1877, ya kasa tarihin mutane gida uku: zaman daji, zaman jahilci, sai wayewa. Yawancin masu wannan ra'ayi ba su taɓa kwana a cikin mutanen da suke yi wa hukunci ba. Wasiƙun 'yan mishan da fatake da hafsoshin soja suke karantawa a ɗakunansu.

Abin bai tsaya kan kaya ba. An yi ta awon ƙoƙon kan mutane don a kasa su daraja-daraja. Sarah Baartman, mace daga kudancin Afirka, an yi ta nuna ta ga 'yan kallo a Landan da Faris har ta rasu a 1815, ƙasusuwanta suka ci gaba da zama a gidan tarihi a Faris, ba a mayar da su gida an binne ba sai 2002. A 1897 Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ya sa aka kawo 'yan Kongo 267 aka baje su a Tervuren, bakwai suka mutu a can. Amma ko a lokacin akwai masu cewa a'a. Anténor Firmin, baƙar fata ɗan Haiti kuma mamba a ƙungiyar masana anturofoloji ta Faris, ya wallafa littafi a 1885 yana rusa hujjojin masu awon kai ɗaya bayan ɗaya. Kunnen uwar shegu aka yi da shi, sai bayan shekara ɗari aka dawo ana karanta shi.

Wanda ya karya tsanin daga cikin gida shi ne Franz Boas, Bajamushen da ya koma Amurka. Ya zauna da mutanen Inuit a tsibirin Baffin da ke arewacin Kanada a 1883 zuwa 1884, kuma a 1887 ya fito ya ƙalubalanci yadda gidan tarihin ƙasa da ke Washinton ke jera kaya. Hujjarsa ita ce abu ba ya da ma'ana sai a cikin mutanensa. Ki ɗauki tambari da kalangu ki sa su a akwatin gilashi ɗaya saboda duka fata ce a kan ice. Mai kallo zai ga ganguna biyu, ba zai taɓa sanin cewa ɗaya na fada ne, ba kowa ake buga wa ba, ɗayan kuma an san shi da mahauta da gidan biki. Daga baya Bronislaw Malinowski ya shafe lokaci mai tsawo a tsibiran Trobriand da ke tekun Pasifik tsakanin 1915 da 1918, ya koyi harshen mutanen, ya bi su gona da bakin teku. Tun daga nan sharaɗin zama masani ya koma zama cikin jama'a, ilimin ya tattara ya bar gidan tarihi ya koma jami'a da ƙauye.

Barin gidan tarihi bai raba shi da gwamnatin mallaka ba. Mulki ta hannun sarakuna yana bukatar a san wa ke gadon wa, wa ke da ƙasa, wa ke karɓar haraji. Shi ya sa aka ɗauki masana a matsayin ma'aikatan gwamnati: Northcote Thomas a kudancin Najeriya a 1909, R. S. Rattray a ƙasar Asante a 1921, C. K. Meek a Arewa. Da matan ƙasar Ibo suka yi bore a 1929, Meek ɗin aka tura ya binciko yadda al'ummar take. A nan maganar malaminku ta zauna daram.

Duk da haka ni ba na cikin masu cewa a watsar da abin da suka bari. Ɗimbin tatsuniyoyi da labaran Hausa da Frank Edgar ya buga daga 1911, malamai ne suka rubuta su da ajami, sunansa ne dai ya hau bango. Ke da kike Zariya, nemi labarin Baba ta Karo, tsohuwar da ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau, aka buga a 1954. Da wuya ki sami wani rubutu da ya adana muryar Bahaushiyar da ta ga zamanin harin bayi da zuwan Turawa kamarsa. A karanta su, amma ana yi ana tambayar wa ya yi maganar, wa ya fassara, wa ya biya kuɗin aikin.

Tambayarki ta biyu kuwa, hanyoyin suna da yawa kuma bai kamata a yi musu kuɗin goro ba. Akwai abin da aka saya a kasuwa, akwai kyautar sarakuna, akwai wanda 'yan mishan suka karɓe daga sababbin tuba, akwai ganimar yaƙi tsagwaronta. Turawan Ingila sun kwashe Maƙdala ta Habasha a 1868, sun kwashe fadar Kumasi a 1874. A 1897 suka ci birnin Benin, suka kama sarkin, Oba Ovonramwen, suka kai shi Kalaba, suka yi awon gaba da dubban kayan tagulla da hauren giwa. An yi gwanjon da yawa daga ciki, gidan tarihin Balin kaɗai ya sayi ɗaruruwa. Mu ma namu gidajen a ƙarshen zamanin Turawa aka fara su: na Jos a 1952, wanda Bernard Fagg ya kafa bayan masu haƙar kuza sun yi ta tono kawunan yumɓu na Nok, na Legas a 1957, na Yamai a 1959, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Boubou Hama.

Maganar dawo da kaya ta ɗauki zafi ne bayan rahoton da wasu masana biyu, Felwine Sarr da Bénédicte Savoy, suka miƙa wa gwamnatin Faransa a 2018, inda suka ƙiyasta kayan Afirka kudu da Sahara kimanin 90,000 a gidajen tarihin ƙasar. Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 a 2021. Jamus ta sa hannu a 2022 ta miƙa wa Najeriya mallakar kayan birnin Benin sama da 1,100, aka kawo kashin farko Abuja a watan Disamba na shekarar. Gidan tarihin Birtaniya, mai riƙe da kusan 900, ya fake da wata dokar 1963 da ta hana shi rabuwa da abin da ke hannunsa. Saboda irin wannan doka ne kayan zinariya da azurfa 32 na fadar Asante da suka koma Kumasi a 2024, daga wannan gida da na Victoria da Albert, suka je a matsayin aro na shekara uku, da damar a ƙara wasu uku.