Tsofaffin kifayena lafiya lau, sababbi kuma ba sa kwana biyu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da akwatin gilashi na kifin ado mai cin lita 60, ya kai shekara ɗaya da rabi a falona, da kifaye biyar lafiyarsu ƙalau. Sau biyu ke nan ina sayo ƙananan kifin ado da ake kira gupi guda huɗu in zuba, kafin kwana biyu duk sun mutu. Ruwan garau yake, ba na ma canza shi, sai dai in ƙara idan ya ragu. Ko mai shagon ne ke sayar mini da marasa lafiya? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Kafin mu je kan mai shago, amsar tana cikin maganarka: ba ka canza ruwa, ƙari kawai kake yi. Nan na fi zargi.

Kifi yana fitar da amoniya da numfashinsa, kashinsa da ragowar abinci ma suna ruɓewa su zama amoniya. Guba ce. Abin da ke cetonsa wasu bakteriya ne masu amfani da ke zaune a soson filta, wato na'urar tace ruwa, da tsakuwar ƙasan akwati. Su ke mayar da amoniya naitirayit, wanda shi ma guba ne, daga nan su mayar da shi naitiret mai sauƙin illa. To shi naitiret ba ya zuwa ko'ina sai an kwashe shi da ruwa. Ruwan da kake gani yana raguwa tururi ne, zallan ruwa ke tashi, dattin ya zauna, kamar miyar da aka bari kan wuta, ruwa na ƙonewa gishiri na ƙara fitowa. Shekara ɗaya da rabi ke nan tukunyarka na kan wuta. Ga shi aikin bakteriyan yana sa ruwa tsami a hankali, wato ma'aunin pH ya yi ta sauka.

Tsofaffin kifayenka sun saba da wannan sannu a hankali, shi ya sa kake ganinsu garau. Baƙon da ya fito daga ruwan shago kuwa, cikin minti ɗaya aka jefa shi wata duniya, jikinsa ba zai ɗauka ba. Kuma kada hasken ruwa ya ruɗe ka, duk sinadaran nan uku ba su da launi.

Don haka kada ka sake sayen kifi sai ka auna ruwanka. Nemi kayan gwaji na ɗigo a wurin masu sayar da kifin ado. Amoniya da naitirayit su zama sifili, naitiret kada ya wuce miligiram 40 a lita. Ka auna pH na akwatin da na ruwan da kake ƙarawa, ka ga tazarar.

Gyaran yana son haƙuri, kuma ina roƙonka kada ka juye ruwan duka rana ɗaya. Yin haka zai yi wa tsofaffin abin da ya faru da sababbin, kuma idan pH ya tashi farat ɗaya, amoniyan da ke kwance ya fi zama guba. Ka riƙa kwashe lita 6 zuwa 9 duk bayan kwana biyu ko uku har mako biyu, kana zuƙe dattin cikin tsakuwa da tiyo. Bayan nan, kashi ɗaya cikin huɗu duk mako. Ruwan famfo sai an sa masa maganin kashe kulorin. Na burtsatse a bar shi ya kwana a bokiti, domin yakan fito da ƙarancin iska. Soson filta kuma a ɗauraye shi cikin ruwan da aka kwaso daga akwatin, ba na famfo ba, domin kulorin na kashe bakteriyan.

Ranar da za ka sayo, biyu sun isa, sauran sai bayan mako biyu. Kada ledar da aka zubo su ciki ta sha rana a mota. Kashe fitilar akwati, ɗora ledar a kan ruwa minti 15 zuwa 20 zafinsu ya daidaita, sannan ka buɗe ka riƙa zuba mata rabin kofi na ruwan akwati duk minti biyar har rabin awa. Kamo kifin da 'yar raga, ruwan ledar a zubar. Ranar farko ba abinci.

Akwai kuma abin da ya shafe mu: ɗauke wuta. Idan filta da injin iska suka tsaya da dare, kifi tara sun fi biyar cin iska, kuma wanda ya sha wahalar tafiya shi ke fara faɗuwa. Idan ka ga suna haki a saman ruwa, alamar ke nan. Ƙaramin injin iska mai batir yana maganin wannan. Da hunturu kuma ka lura da sanyin asuba, gupi ya fi son digiri 24 zuwa 27.

Mai shago ma yana iya samun nasa kason. Kifin da ke da fararen ɗigo kamar barbaɗin gishiri, ko ya matse fikafikai, ko akwai matacce a akwatin da yake, kada ka saya. Sai dai cuta takan nuna alamu na kwanaki kafin ta kashe. In da hali, ka killace baƙi a wani ƙaramin akwati mai filta mako biyu zuwa huɗu. Ranar da ka haɗa su, ka zauna ka kalla na ɗan lokaci, domin tsoho mai faɗa kan bi baƙo ya yayyaga masa wutsiya.