Tambaya da Amsa: Ɗaukar Hoton Kifin Wel Daga Gaɓar Teku

Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoton biki ne a Tudun Wadan Zariya. A watan Satumba zan je wani kwas a Afirka ta Kudu, kuma ina da kwana biyu na hutu. Ina son in ɗauko hoton katafaren kifin nan da ake kira wel, amma ba na son shiga jirgin ruwa. Lensina, wato gilashin gaban kyamara mai jawo nesa kusa, 70-300 ne. Zai yiwu?

Wa alaikumus salam. Malam, zai yiwu, kuma ka dace da lokaci. Ka nufi garin Hamanas, kimanin kilomita 120 daga Kef Tawun. Daga Yuni zuwa Nuwamba wel na kudu kan shigo mashigin ruwan garin don haihuwa, har su matso dab da duwatsu. Akwai hanyar ƙafa a kan dutsen gaɓar mai tsawon kusan kilomita 12. Tudun nan shi ne rabin aikin: mai tsaye a bakin rairayi ba ya hangen abin da ya wuce kilomita 5, wanda ya hau mita 30 kuwa yana hangen kusan kilomita 20.

Abin da zai fi ba ka wuya shi ne jira. A wurin biki kai ke cewa amarya ta juyo, a nan kuwa sai abin da dabbar ta ga dama. Sai dai jiran yana da lissafi. Ko da yake muna ce masa kifi, da huhu yake numfashi, uwar kuma shayar da ɗanta take yi, don haka dole ya taso. Yakan yi feshi 'yan lokuta a jere, sannan ya nutse na minti 5 zuwa 15. Feshin wel na kudu yana rabuwa gida biyu kamar harafin V. Da ka hango shi, duba agogo, ka lura da inda ya dosa. Idan ka ga bayansa ya lanƙwasa sosai, to jela na iya biyowa, kuma daƙiƙa biyu ko uku kawai gare ka. Idan ya yi tsalle ka rasa, kada ka sauke kyamara don takaici, sau da yawa yakan maimaita a kusa da wurin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne neman wel ta cikin lensi. A 300, wato iyakar jawowar lensinka, ɗan yankin ruwa kaɗan kake gani. Nema da ido ake yi, ko da madubin hangen nesa, kyamara tana kunne a hannu, murfin lensi a aljihu. Ka kashe tsarin da ke sa ta barci, domin kafin ta farka an gama.

Saiti kuwa, shata, wato saurin ɗaukar hoton, kada ta gaza 1/1000 na daƙiƙa, ga tsalle 1/2000 ya fi. Ka tsayar da ƙofar shigar haske a f/8, ka bar ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, ya daidaita kansa, ka sa ɗauka a jere. Zaɓi ɗigon fokas (wurin da kake so ya fito sarai a hoto) ɗaya na tsakiya, in ba haka ba kyamara za ta kama igiyar ruwan da ke gaba ta bar maka dabbar a dishi-dishi. Jikin wel baƙi ne, kumfa fari fat, saboda haka rage haske da kamar kashi biyu cikin uku na mataki ɗaya, don kada haske ya yi wa kumfar yawa a hoton. Lensinka ya isa ga wanda ya matso. Na can nesa ka ƙyale shi, ko da lensi mai 600 ne tururin zafi da ke kan ruwa zai dagula hoton, kamar yadda kwalta ke rawa da tsakar rana a hanyar Kano. Fita da sassafe, kafin iska ta tashi ruwan ya cika da farin kumfa.

Kafin tafiyar, ka je bakin dam na Jami'ar Ahmadu Bello ko kogin Galma ka zauna awa biyu. Tarwaɗa ma tana tasowa ta shaƙi iska ta koma. Ka yi ta gwada kama ta a hoto, hannunka zai koyi sauri, zuciyarka ta koyi zama. Ka tafi da batir biyu, rigar sanyi da tsumma mai laushi. Raɓar gishiri kan kwanta a gilashi, kuma kada ka goge ta a bushe don ƙwayoyin gishiri na kankare shi. Fara hure shi, sannan ka shafa da ɗan danshi.

Wata 'yar'uwa daga Samaru ta tambaya: shin ana ganinsu a tekun Nijeriya?

Malama, ana samu. Wel mai doro, wanda tsawonsa ke kai mita 15, yana tasowa daga ruwan ƙanƙara na kudancin duniya zuwa Mashigin Gini wajen Yuli zuwa Oktoba don haihuwa. Matsalar ita ce gaɓar Legas shimfiɗaɗɗiya ce ba tudu, su kuma sun fi bi ta can ciki, shi ya sa masunta da ma'aikatan jiragen ruwa suka fi cin karo da su.