Amsa: jika 300 sun isa buɗe butik a Yamai?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko jika 300 sun isa buɗe butik. Sun isa, amma kar ka zuba su duka a kaya. Ware hayar wata 3, da jika 50 na patanti (harajin sana'a) da kuran (wutar lantarki).

Masu cewa yawan ciniki shi ne riba, ruɗinka suke. Buhun shinkafa mai kilo 25, juye shi ka ƙirga tiya nawa ya bayar kafin ka yanka farashi, ka haɗa da ladan mai kura daga kasuwar Katako da kuɗin leda. Gyaran da kake yi wa kowace mai saye, tafi ɗaya tafi ɗaya, shi ke cinye ribar buhun.

Bashi kuwa, dangi ne kan gaba. Rubuta a littafi, har sukarin shayin gidanka.