Amsar Gwaggo kan dakan mai tsohon ciki

'Yata, saƙonki ya same ni lafiya. Kin ce surukarki na so ki riƙa daka tunda cikin ya shiga wata bakwai, wai don haihuwa ta zo da sauƙi, maigidanki kuma ya ce ki kwanta, ko tsinke kada ki ɗaga. Kina tambayar me al'ada ta ce.

A wajenmu mai ciki ba ta zama. Nan ƙauyukan Ringim za ki ga mace da tsohon ciki tana surfe, tana shara, ta taka har gidan suna a ƙafa. Iyayenmu sun yi gaskiya a nan, kwanciya kullum tana kashe jiki, ta ƙara ciwon baya. Wajen awo ma haka ake faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai cikin da ba ta da wata matsala ta samu minti 150 na motsa jiki a mako, kamar rabin awa ke nan sau biyar, irin wanda kina yi kina iya hira ba haki.

Sai dai jikinki na yanzu ba irin na wata uku ba ne. Ciki ya turo gaba, nauyi ya bi shi, shi ya sa kike tafiya kina jan kafaɗa baya. Ga kuma jijiyoyin ƙugu da Allah Ya sa suke saki don a buɗe wa jariri hanya, sakin nan har sauran gaɓoɓi yake taɓawa. Ga shi ba kya ganin inda kike takawa. Dokin ƙofar da kike tsallakewa ido rufe, yanzu shi zai iya kayar da ke. Na taɓa ganin wata yarinya ta sunkuya jan guga da damina, bakin rijiya duk laka, ƙafa ta zame ta zube a gefe. Allah Ya kiyaye, amma har yau gabana na faɗuwa in na tuna.

Don haka rijiya da ɗaukar tulu a ka, na hana ki. Daka kuwa ki yi kaɗan, da ƙaramar taɓarya, ƙafafu a ware, kina jin baya ya riƙe ki ajiye. Tafiya ta fi min komai, da hantsi ko bayan la'asar, da takalmi marar tsini wanda ya kama ƙafa. Wannan silifas ɗin da ya suɗe ki jefar. In za ki tashi daga tabarma, ki juya gefe, ki dafa ƙasa, ki durƙusa, sannan ki miƙe a hankali. Kina iya dafa bango ki riƙa ɗaga dunduniya kina saukewa, yana ƙarfafa ƙafa. Makewayi a zuba yashi inda yake santsi.

Kika ga jini, ko ruwa ya zubo, ko jiri, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ki bar komai a kai ki asibiti. In kuma wajen awo suka ce ki huta, maganarsu ce gaba da tawa.

Surukarki kada ki yi mata musu, uwa ce. Ranar awo ki roƙe ta ta raka ki ta ji da kunnenta. Ki gaishe ta, ki ce ina nan tafe kafin a kawo ki goyon ciki.