Amsa: maɗigar jaririna tana motsi, lafiya kuwa?

Wa'alaikumussalam 'yar uwa, kin ce tsakiyar kan yaronki ɗan wata biyar da taushi kuma tana bal-bal. Kwantar da hankalinki, maɗiga ce, kowane jariri da ita ake haifarsa. Ƙoƙon kai ba ƙashi ɗaya bane, guda 8 ne suka rufe ƙwaƙwalwa, 14 kuma na fuska, to a jariri basu gama haɗewa ba shiyasa kan ke iya matsewa ya fito wajen haihuwa, kuma ƙwaƙwalwa ta samu wurin girma. Ƙaramar maɗigar da ke wajen ƙeya tana rufewa wata 2 zuwa 3, babbar ta tsakiyar kai kuwa sai wajen wata 18, wani har ya kusa shekara 2. Motsin nan bugun jini ne kawai.

Abin lura, in maɗigar ta faɗa ciki musamman yana gudawa ko amai, ruwan jikinsa ne ya ƙare, ba shafe-shafen da kakanni ke yi zai ɗago ta ba gaskiya, ki ci gaba da ba shi nono da ruwan gishiri da sukari ku wuce asibiti. In kuma ta kumbura ga zazzaɓi, kar ki jira gari ya waye, sanƙarau na yin haka.