Tambayoyinku kan Waya da Kwamfuta: Ba kowace wuta ake watsa wa ruwa ba

Malam, bayan wayata ya kumbura har murfin ya ɗage. Mai gyara ya ce in danne ta da littafi mai nauyi ta kwana. Hauwa'u, Runjin Sambo

Hauwa'u, ki canja batir, sannan ki canja mai gyara. Kumburin nan iska ce da ta taru saboda sinadaran cikin batirin sun fara lalacewa. Kada ki danne, kada ki soka masa allura, kada ki sake sa shi caji. Wutar batir ce ta sa Samsung ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa gaba ɗaya a 2016, kuma nasu ma sababbi ne dal.

Assalamu alaikum. Ni sabon ɗan kwana-kwana ne. Ƙanena na da shagon cajin waya, rannan yaronsa na ƙara wa janareta mai yana kunne, sai wuta ta tashi. Suka watsa ruwa, wutar ta bi ruwan har bakin shagon maƙwabci, da ƙyar yashi ya kashe ta. Mi ya sa fetur ke yin hakanga, alhali dizal bai yi? Sanusi, Mabera

Wa alaikumus salam, Malam Sanusi. Ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi, don haka gyara zama.

Na san an koya muku cewa wuta sai da abu uku: abin da zai ci, zafi, da iskar oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Abin da mutane ba su gane ba shi ne, ruwan fetur ba shi ke ci da wuta ba, tururinsa ne. Kowane mai yana da ma'aunin zafin da in ya kai, zai fitar da tururin da tartsatsi ɗaya zai kunna. Fetur yana kai wannan matsayi tun a digiri 40 ƙasa da sifili, wato babu ranar da Allah ya halitta a Sakkwato da fetur ba a shirye yake ba, ko da tsakiyar hunturu ne. Dizal sai zafinsa ya haura digiri 50, shi ya sa yake da haƙuri. Kananzir kuwa yana farawa daga wajen digiri 38, kuma kowa ya san abin da Afrilu ke yi mana a garin nan. Galan ɗin kananzir da aka bari a rana cikin bazara ya daina zama salihin da kuka sani.

Tururin fetur ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama ya watse, kwanciya yake yi a ƙasa ya yi ta rarrafe har ya tarar da salansa mai zafi ko soket mai tartsatsi, sai wutar ta biyo shi baya zuwa bakin galan. Gas ɗin girki ma haka yake taruwa a ƙasa. Yaron shagon bai yi rashin sa'a ba, ganganci ya yi. Kuma na tabbata ba shi kaɗai ba ne, don masu shagunan caji sun fi tsoron wayar kwastoma ta tsaya a kashi 60 fiye da tsoron shagon ya ƙone.

Batun ruwa kuma, fetur ya fi ruwa rashin nauyi. Ka watsa ruwa, ya nutse ƙasa, fetur ya hau kansa yana ci, ruwan ya zama jakin da ke kai wuta gidan maƙwabci. A man gyaɗa mai tafasa abin ya fi muni: ruwa na zama tururi ya ninka girmansa kusan sau 1,700 nan take, ya watsa man mai wuta har silin. Wutar mai toshe mata numfashi ake yi, da yashi, ko kumfa ko hodar kashe gobara, ko murfin tukunya. Ruwa na katako ne da takarda da tufafi, waɗanda ke yin garwashi, su kuma sanyaya su ake so.

Yanzu ka dubi shagon ƙanenka da idon aikinka. Wayoyi jere a kan katako, igiyoyin caja na roba, ga katifar soso da yaron ke kwana a kai. Wuta na farawa ƙarama, kowa na iya kashe ta. Sai baƙin hayaƙi ya taru a silin, kuma hayaƙin nan shi kansa makamashi ne wanda bai gama ƙonewa ba. Yana zafafa duk abin da ke ƙarƙashinsa, kowane kaya ya fara fitar da nasa tururin. In zafin saman ɗakin ya kai wajen digiri 600, komai ya kama lokaci guda, cikin daƙiƙoƙi. In kuma shagon a rufe yake, wutar ta cinye oksijin ta lafa, sai wani jarumi ya zo ya ɓalle ƙofa, iska ta shiga, wutar ta tashi da shi. Duk wanda ya ga gobarar Babbar Kasuwar Sakkwato a Janairun 2021 ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda wuta ke tsallakawa daga rumfa zuwa rumfa.

Batiran wayoyin kuma wata fitina ce daban. Batirin litiyam in ya yi zafi fiye da kima, shi yake ci gaba da zafafa kansa daga ciki, ya kunna na kusa da shi. Hoda za ta kashe harshen wutar, amma cikinsa na nan yana dahuwa, ka juya baya ya sake tashi. A nan ruwa ake so, mai yawa, don a sanyaya shi, amma sai an yanke lantarki tukun. Wanda ya watsa ruwa a kan soket mai wuta kada ya ce ni na aike shi.

Ka gaya wa ƙanenka: janareta a waje, a kashe shi ya huce kafin a ƙara mai, galan a nesa, bokitin yashi a bakin ƙofa. Ni ko a ɗakin kwamfutata akwai bokitin yashi da tukunyar kashe gobara mai iskar CO2, wadda ba ta ɓata na'ura da hoda. Masu yi mini dariya sun gaji sun bari.

Na ajiye batiran sola da inbata a uwar ɗaki, na rufe taga saboda ƙura. Akwai matsala? Malam Umaru, Arkilla

Akwai. In masu ruwan batir ne, suna fitar da iskar haidurojin lokacin caji, kuma kashi 4 cikin 100 a iska ya isa ta kama. Ita sama take taruwa, ba ƙasa ba. Fitar da su inda iska ke ratsawa, ka bar uwargida ta yi barci lafiya.

Da gaske ne amsa waya a gidan mai na tayar da gobara? Abdullahi, Gawon Nama

Tartsatsin da jiki ke tarawa daga gogar kujera, da injin da ka bari a kunne, sun fi wayar haɗari nesa ba kusa ba. Duk da haka sa ta aljihu, ka kashe babur ɗin. Budurwar za ta sake kira.

Ina barin fawa-bank a gaban mota, in na dawo sai in ji ya yi zafi. Nasiru, Wamakko

A Sakkwato? Ɗauke shi yau ɗin nan.