Wata biyu da iyali a garin bakin teku: amsa ga mai tambaya

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka ɗauki maiɗakinka da yara uku, ƙaraminsu ɗan shekara biyu, ku je wata ƙasa mai zafi ku zauna a garin bakin teku daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Agusta, kana tambayar abin da ya kamata ka sani kafin ka biya kuɗin gida. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Kafin maganar gida, fara duba damina. Hotunan da ake tallata garuruwan nan da su yawanci da rani aka ɗauke su, watannin da ka zaɓa kuwa tsakiyar damina ce a wurare da dama. A Goa ta Indiya ruwa yake sauka daga Yuni zuwa Satumba, teku ta yi ta hauka, a hana shiga. Fuket da ke yammacin Tailan haka take daga Mayu zuwa Oktoba, alhali tsibirin Samui da ke ɗaya gefen ƙasar, nasa ruwan mai ƙarfi sai wajen Oktoba zuwa Disamba. A yankin Karibiyan lokacin guguwar teku yana farawa ran 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta. Bali ta Indunusiya da Zanzibar da gaɓar Kenya su ne suke cikin rani a wannan lokacin. Saboda haka kada ka tambayi yanayin ƙasa gaba ɗayanta, tambayi yanayin wannan gaɓar da za ku zauna.

Takardu ba su da wuya in an fara da wuri. Fasfon kowa, har da na ƙaramin, ya zama da sauran wata 6 aƙalla. Ƙirga kwanakin biza da yatsa: a Bali, ga waɗanda ake ba su biza a filin jirgi, kwana 30 ce, ana sabuntawa sau ɗaya a ƙara 30, kuma ranar sauka tana cikin lissafi, don haka "wata biyu" na iya zarce ta a ci ku tara. In ƙasar na neman katin rigakafin shawara, sai allurar ta kwana 10 katin yake fara aiki. Inshorar lafiya kuma a karanta a ga ko tana biyan kuɗin ɗaukar mara lafiya zuwa babban asibiti, don ƙananan garuruwan bakin teku da yawa ɗakin shan magani kawai gare su.

Gida shi ne inda aka fi yin da-na-sani. Kada ka biya wata biyu daga nesa. Kama wuri na mako ɗaya, ku sauka, sannan ka zagaya da ƙafarka. Haya ta wata-wata ta fi sauƙi in ana ciniki ido da ido. Duk gidan da ka shiga, buɗe durowar kaya ka shinshina, ɗaga katifa ka duba ƙasanta, leƙa bayan gado. Baƙaƙen ɗigo a bango da warin ruɓa alamar fumfuna ce, kuma yaro mai asma ba zai yi barci a ɗakin ba. Buɗe famfo ka ɗanɗana: rijiyoyin kusa da teku sau da yawa ruwansu zartsi ne, sabulu ba ya kumfa, ba a sha, ba a dafa abinci da shi. Tambayi wa ke biyan wuta, domin na'urar sanyaya ɗaki ita ce ke cinye kuɗi, ka ɗauki hoton mita ranar shiga. Duba ragar tagogi ko ta yage, ka gwada intanet a cikin ɗakin da za a yi aiki, ba a tsakar gida ba. A ganina gidan da ke layi na biyu ko na uku daga teku ya fi na bakin ruwa: iskar gishiri tana sa tsatsa a kwamfuta da keken jariri cikin makonni, sannan akwai tazara tsakanin ƙofa da ruwa. Gida mai wurin ninƙaya da ba shinge, da yaro ɗan shekara biyu, a bar shi ko da kyauta ne.

Yanzu teku kanta. Tana cika tana janyewa kusan sau biyu a yini, kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kimanin minti 50, kuma cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. A gabashin Zanzibar, kamar Paje da Jambiyani, ruwa kan janye da nisa sosai, yara su bi yashi suna tsintar katantanwa, in ya juyo kuma sai ya cika ramukan da ke bayansu kafin su ankara. A riƙa duba jadawalin cika da janyewa kowace safiya.

Abin da ya fi cin rai shi ne ruwa mai ja. Raƙuman ruwa suna turo ruwa bakin gaɓa, shi kuma ya nemi siririyar hanya ya koma da gudu. Wurin yakan yi duhu, ya kwanta luf babu kumfa, shi ya sa baƙo yake zaɓarsa yana zaton nan ne lafiya. Wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawa da shi ya nufo gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu, ko ya yi iyo a kaikaice, gefe da gefe da gaɓa, har ya fita daga hanyar. Jar tuta na nufin kada a shiga; tsakanin tutoci masu ja da rawaya nan masu ceto suke tsaro. Yaro in yana nutsewa ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa, shiru kawai za a ji. Kowane lokaci a san babba ɗaya da ido yake hannunsa, babu waya, ƙaramin kuma kada ya wuce inda hannu zai kai. Balan-balan na hannu abin wasa ne, rigar ceto daidai nauyin yaro ita ce kariya.

A sa musu takalmin roba saboda bushiyar teku, wata halitta mai ƙayoyi, da kaifin duwatsun murjani, a shimfiɗa tabarma maimakon zama a yashin da karnuka ke yawo, domin akwai tsutsar da ke shiga fata daga kashinsu ta yi ta zana layi mai ƙaiƙayi. Rana daga ƙarfe 10 zuwa 4 a zauna a inuwa. Baƙar fata ma tana ƙonewa: man kariya mai lamba 30 ko sama, a sake shafawa duk awa 2 da bayan fitowa daga ruwa.

Gidan sauro na dare ne, amma sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, musamman da sassafe da gab da magariba. A tsaftataccen ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, ƙasan tukunyar fulawa, ɓawon kwakwa, bokitin wasan yara, kuma kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi ya tashi, don haka a zubar da su duk mako. In zazzaɓi ya zo, farasitamol kawai za a ba da kafin a je gwajin jini. Asfirin da ibufurofen suna ƙara haɗarin zubar jini in dengi ne.

Gudawa kan zo a makonnin farko. A tafi da ƙullin gishiri da sukari na kemis. In ya ƙare, lita 1 ta dafaffen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaron da ya daina fitsari, ko idonsa ya faɗa, ko aka ga jini a bayan gidansa, asibiti nan take. Cizo ko yakushin kare ko biri, a wanke da sabulu da ruwa minti 15, a nemi allurar haukan kare a ranar. Bayan kun dawo ma, duk wanda ya yi zazzaɓi a faɗa wa likita garin da kuka zauna da ranar da kuka baro shi.